Gadaje dubu takwas a ƙarƙashin Landan

Ku dubi wannan zagayayyen ginin da ke bakin filin Clapham Common, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Clapham South a kudancin Landan. Kullum jama'a na wucewa ta gabansa, ba mai ko waiwaye. Amma da za a buɗe muku ƙofarsa, sai kun sauka matakala 180 kafin ku iso ƙasa. Zurfin ya kai kamar mita 30, har ya zarce ramin da jirgin ƙasa ke bi. Me ya kai mutane haƙa irin wannan rami?

Yaƙin Hitila ne. Ranar 7 ga Satumba, 1940, jiragen Jamus suka fara yi wa Landan luguden bama-bamai, dare bayan dare. Da farko hukuma ba ta so a kwana a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, amma wa zai hana mai gudun mutuwa? Sai mutum ya sayi tikiti, ya sauka da bargonsa da 'ya'yansa, ya ƙi fitowa. A dare ɗaya na watan nan, mutum 177,000 ne suka kwana a tashoshin.

To amma tashar ma ba ta tsare kowa ba. Ranar 14 ga Oktoba bam ya faɗa kan titin da ke saman tashar Balham, ya fasa manyan bututun ruwa. Ruwa da laka suka kwararo kan masu fakewa, mutum fiye da 60 suka rasu. Daga nan zuwa Balham tasha ɗaya ce kacal.

Gwamnati ta ba da umarnin a haƙa mafaka goma masu zurfi, takwas suka kammalu. Kowace ramuka biyu ne dogaye a jere, an raba su hawa biyu, sama da ƙasa. A nan Clapham South an jera gadaje na mutum 8,000, ga ɗakin shan magani, ga wurin sayar da shayi, ga makewayi. Kowane sashe an laƙaba masa sunan wani kwamandan sojan ruwa, don kada mai tikiti ya ɓata wajen neman gadonsa.

Kafin a gama aikin a 1942, luguden ya lafa. Sai a 1944, da Jamus ta fara harbo makaman V-1, wato bama-bamai masu tashi ba matuƙi, aka buɗe wa jama'a. Niyyar da aka yi ta haɗa ramukan su zama layin jirgi mai sauri bayan yaƙi kuwa, ba ta cika ba.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya ya faru ne bayan yaƙin. A watan Yunin 1948 jirgin ruwa Empire Windrush ya iso tashar ruwa ta Tilbury, kusa da Landan, ɗauke da baƙi daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan. Cikinsu har da waɗanda suka yi wa Birtaniya aikin soja. Fiye da 200 ba su da masauki, aka kawo su nan, suna biyan sule shida da sisi a mako. Ku yi tunanin mutumin da ya taso a ƙasar rana, a wayi gari yana kwance inda babu ko taga, jirgi na rugugi a bisa kansa tun da asuba. Ni dai ina ganin waɗanda suka zo neman aiki sun cancanci tarbar da ta fi wannan.

Da safe sukan hau matakalar nan su nufi ofishin neman aiki mafi kusa, wanda ke titin Coldharbour Lane a Brixton. Da yawa a can suka kama ɗaki suka zauna, har unguwar ta zama cibiyar baƙaƙen fata 'yan Karibiyan a Landan.

Yanzu gidan tarihin sufuri na Landan ne ke shigar da masu ziyara. Wasu daga cikin gadajen ƙarfen na nan a jere, allunan nuna hanya kuma suna manne inda aka kafa su.