Jawabin Maraba Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Arewa Mai Nisa Ta Kamaru A Tsibirin Darak

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Mai girma Perefe na Logon da Shari, Sufurefen Darak, Magajin Gari, shugabannin sojoji da jandarmomi, iyayenmu sarakuna, lawanai da bulamomi, limamai da malamai, iyayenmu mata da ƴan uwa masunta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dattawan masunta ne suka ɗora mini wannan magana, a madadin duk wanda hayaƙin banda ya taɓa shiga idonsa a tsibirin nan: Kotoko, Larabawan Shuwa, Barebari, Buduma, Musgum, Jukunawa, mutanen Mali da mu Hausawa. Muna cewa lale marhabin, sannu da hanya, sannu da ruwa. Mun san Marwa, hedikwatar jiha, ba nan kusa ba ce. Kun sha ƙurar hanya daga Kuseri, sannan kuka bar mota kuka shiga jirgi, kuka bi ta cikin ciyawar da wani lokaci sai an sauka an tura. Wanda ya taka ƙafa ya zo ya fi wanda ya aiko, kuma yau ba sai mun ba ku labarin hanyarmu ba, kun gan ta da idonku.

Ranka ya daɗe, ruwa ne ya kawo iyayenmu nan. A shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 da na 1984 suka auko, tafki ya ja baya, bakin gaɓar da aka sani a wajen Baga ya koma tudu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya baro ƙasar Haɗeja da kwale-kwale da kalli, wato ragar kamun kifi, yana bin kifi, inda ruwa ya tsaya nan ya kafa bukka. Bai ga dutsen iyaka ba, domin ba a dasa dutse a kan ruwa. Daga 1987 hukumar Najeriya ce ke tafiyar da garin nan. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994, ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce bisa yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1931 Darak ƙasar Kamaru ce. A Disambar 2003 aka sauke tuta aka ɗaga tuta, ba a zubar da jinin kowa ba. Ina tsaye a wajen, ina saurayi. Wasu suka kwashe kayansu suka koma Borno. Mu muka zauna, muka karɓi hukunci, muna biyan haraji, muna kai ƴaƴanmu makarantar Faransanci alhali mu da Hausa da Larabcin Shuwa muke ciniki.

Godiya ta wajaba a kanmu. An ɗaga darajar Darak ta samu sufurefe da magajin gari nata, abin da a da ko a mafarki. Muna kuma tuna sojojin da suka kwanta dama a harin da ƴan Boko Haram suka kawo mana a watan Yunin 2019, tare da ƴan uwanmu farar hula. Yaran mutane ne daga Kudu da Arewa, wasunsu ba su taɓa shiga kwale-kwale ba sai da aka turo su tsaronmu. Allah ya ba iyayensu haƙuri.

Amma idan mai gida ya zo, ba a ɓoye masa inda ɗaki ke yoyo. Babban kukanmu, wanda ya sha gaban na kifi da na hanya, shi ne takarda. Dubi yaran nan da suka yi layi suna rera taken ƙasa. A nan aka yanke cibiyarsu, amma da yawansu ba su da takardar haihuwa. Uwa ta haihu a wani ƙaramin tsibiri, tafiyar rabin yini daga nan, ungozoma ta karɓi haihuwa, aka yi suna aka watse. Kafin uban ya samu kuɗin man jirgi, wa'adin rajista ya wuce, sai an je gaban alƙali a tudu, da shaidu, da kuɗin hanya, da na kwana. Ina da ɗan ƙane, yaro mai kai, shekara shida bai taɓa fashin makaranta ba. Da aka zo rubuta sunayen masu jarrabawar kammala firamare aka ce ya kawo takardar haihuwa. Ya dawo gida da jakarsa, ya rataye ta a jikin zana, har yau tana nan. Yanzu yana saƙa gura, wato tarkon kifi, tare da ubansa. Mu da aka haifa kafin 2003 kuwa, abin da ke hannunmu hatimin wata ƙasa ne a jikinsa. A shingen bincike a ce mana baƙi, mu tsallaka can a ce mana ƴan Kamaru. Kuma saurayin da hukuma ba ta san sunansa ba, waɗancan mutanen na cikin ciyawa sun sani, suna kuma nemansa. Roƙonmu, ranka ya daɗe, a turo alƙali da ma'aikatan rajista su zauna mana a nan, ko da sati biyu a shekara, su bi tsibirai da jirgi. Masauki da jirgi da shaidu, mun ɗauki nauyi.

Sai maganar sana'a. A da bandarmu Doron Baga take zuwa, daga can ta wuce Maiduguri har Onitsha. Tun da aka far wa Baga a Janairun 2015 hanyar ta lalace, sai dogon zagaye, kuma kowane shinge da nasa rabon, har kwalin tarwaɗa ya isa kasuwa riba ta zube a hanya. Inda kifi yake, can cikin tafki, masu bindiga ke karɓar kuɗi kafin a kafa dumba, wato shingen tarkunan kifi. Ka biya a ce kana ciyar da su, ka ƙi biya ba ka dawo ba. Muna roƙon a ware wuraren kamun kifi da sojoji za su riƙa kewayawa, a kuma fito da kuɗin izini guda ɗaya sananne, mai rasit.

Ruwa ya kewaye mu, amma na sha wahala yake, shi ya sa kwalara ba ta raba mu da zawarci. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun ci gidaje da gonakin masara da wake da muke shukawa in ruwa ya janye. Idan naƙuda ta gardama da dare, ba a yarda jirgi ya tashi ba saboda tsaro, mun kuma fahimci dalili. Sai dai mun ga mace kwance a kan tabarma a bakin gaɓa, mijinta riƙe da tocila, ana jiran gari ya waye. Jirgin asibiti ɗaya mai inji, wanda sojoji suka san shi suka kuma san direbansa, zai raba mu da wannan jira.

Ranka ya daɗe, tsarabarmu ba ta da yawa. Ga kwandon bandar ragon ruwa da ƙarfasa daga hannun iyayenmu mata, ga tabarmar da suka saƙa, ga kuma takarda mai ɗauke da sunayen yaran da bulamomi suka tattara unguwa-unguwa, waɗanda ke jiran takardar haihuwa. Ita muke roƙon ku fara buɗewa idan kun isa Marwa. Allah ya ja zamaninka, ya tsare hanya, ya mai da ku gida lafiya kafin iskar la'asar ta taso.

Wassalamu alaikum.

A madadin dattawan masunta da al'ummar Darak.