Jawabin Maraba Daga Ma'aikatan Sashen Cigiya na Gidan Karnuka da Kyanwoyi na Battersea

Mai girma babban baƙonmu, tare da 'yan rakiyarka, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Ranka ya daɗe, mun ji daɗi da ka zaɓi fara ziyararka daga wannan sashe, domin aikin cigiya shi ne tushen gidan nan baki ɗaya.

A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe wurin a unguwar Holloway da ke arewacin Landan. Sunan da ta ba shi na nufin masaukin wucin gadi na karnukan da suka ɓace da waɗanda yunwa ta galabaita. Wato tun ranar farko ba a yi niyyar kare ya zauna a nan har abada ba, ana so ne ya koma gidansu. Jaridar The Times ta yi wa aikin ba'a a lokacin, tana ganin ɓarnar kuɗi ce a birnin da talakawa ke kwana a titi. Mary Tealby ta rasu a 1865, ba ta ga lokacin da aka dawo nan Battersea a 1871 ba. An fara karɓar kyanwoyi a 1883, kuma daga baya Sarauniya Victoria ta zama mai ɗaure wa gidan gindi. Yau akwai rassa biyu, ɗaya a Old Windsor, ɗaya a Brands Hatch.

A zamanin da, 'yan sanda ne ke kama karen da ke gararamba su kawo. Mai kare kuma sai ya tako da ƙafarsa ya bi ɗaki-ɗaki yana leƙawa, ko ya dace. Abin dogaro kawai shi ne kwatance: baƙi ne, yana da farin tabo a ƙirji. To, baƙaƙen karnuka masu farin ƙirji nawa ne a Landan? Daga Afrilun 2008 aka sauke wa 'yan sanda wannan nauyi, ya koma kacokan kan ƙananan hukumomi. Har gobe wasu na kiran ofishin 'yan sanda in karensu ya ɓace, su yi asarar kwana guda kafin a nuna musu inda ya kamata.

Kwana guda kuwa ba ƙaramin abu ba ne, Ranka ya daɗe, saboda doka ta ba da kwana bakwai ne cur. Idan jami'in ƙaramar hukuma ya tsinci kare, za a tsare shi tsawon wannan wa'adi. Mai shi ya zo, ya biya fam 25 da doka ta yanka, ya ƙara da kuɗin ci da kwanan dabbar. Bai zo ba, hukuma na da ikon miƙa karen ga gida irin wannan domin a nema masa sabon uban gida. Kyanwa ba ta cikin wannan tsari ko kaɗan. Babu dokar da ta tilasta wa hukuma ɗaukar ta, kuma direban da ya buge kare wajibi ne ya kai rahoto, amma wanda ya buge kyanwa ba a ɗora masa haka ba. Shi ya sa cigiyarta ta fi wuya.

Abin da ya sauya aikin nan shi ne maikurocif. Ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, ana sa shi da allura a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Ba shi da batir, kuma ba ya nuna inda dabba take, duk da mutane da yawa haka suke zato. Lamba ce kawai a cikinsa mai alƙaluma 15, sai an kara na'urar karantawa a jikin dabbar take fitowa. Tun 6 ga Afrilu 2016 ya zama dole ga kowane kare kafin ya cika mako takwas, sannan daga 10 ga Yuni 2024 dokar ta hau kan kyanwoyi a Ingila kafin su kai mako 20. Wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi, tara na iya kai fam 500. Tsohuwar dokar 1992 kuma tana nan daram: kare a bainar jama'a sai da abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi.

Ga yadda ake yi in an kawo dabba. Ana rubuta titin da aka tsince ta da rana da lokaci, a ɗauki hoto, a duba ko namiji ne ko mace, an yi mata fiɗiya ko ba a yi ba. Sai a bi jikinta da na'ura a hankali, ba kafaɗu kaɗai ba, domin cif ɗin kan zame ya gangara ƙirji ko saman ƙafar gaba, mai gaggawa sai ya ce babu. Da lamba ta fito sai a nemi rumbun bayanan da ke riƙe da ita, don kamfanonin da gwamnati ta amince da su suna da yawa, ba ɗaya ba ne. Daga nan a buga waya.

A nan ne fa gizo ke saƙar. Lamba ta fito lafiya lau, amma wayar da ke rumbun ta daina aiki, ko mutanen sun tashi daga gidan shekara uku da suka wuce, ko kuma sunan wanda ya sayar da ɗan kwikwiyon ne har yanzu, mai saye bai taɓa mayar da rajista sunansa ba. A ganinmu wannan ya fi rashin cif ɗin ciwo, domin an sha wahalar allura, an biya kuɗi, sannan gyaran minti biyar a intanet ya gagara. In dama ta samu ka yi magana da masu tsara doka, Ranka ya daɗe, nan muke roƙon a matsa.

Ko an samu mai kare ma ba a miƙa shi haka nan. Sai ya kawo shaida, kamar takardun likitan dabbobi ko tsofaffin hotuna, saboda suna a rumbu bai isa ya zama hujjar mallaka ba, kuma akan sami masu zuwa da ƙarya in karen mai tsada ne. Aikin kan ƙaru a farkon Nuwamba, lokacin wasan tartsatsin wuta na ranar 5 ga wata, sa'ad da ƙara ke firgita kare ya tsallake shinge. Masu cigiyar kyanwa kuwa mukan ce su fara da garejin maƙwabta da ɗakunan ajiya, da dare in gari ya yi tsit, don galibi ba ta yi nisa ba, an rufe ƙofa ne tana ciki.

Yanzu in ka ba da izini za mu wuce ɗakin karɓar dabbobi. An tanadi na'urar karantawa da kare guda mai haƙuri domin ka gwada da hannunka. Bisimilla, Ranka ya daɗe.