Sharhi: An Kai Shi Dawanau, Gida Ya Yi Tsit

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, da abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Idan aka ce wane yana kwance a asibiti da hawan jini ko ciwon suga, kafin la'asar ɗakin ya cika da 'yan dubiya, wannan da kwanon fura, wancan da ledar lemo da ayaba. Amma a ce an kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, sai gida ya yi tsit. A ja wa yara kunne kada su faɗa a waje. In maƙwabta sun tambaya, a ce ya yi tafiya. Mutumin da ya fi kowa buƙatar ganin fuskar 'yan'uwansa, shi ne wanda ba a zuwa dubawa.

Ciwon kuwa ba baƙo ba ne a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kimanin mutum miliyan 970. Gidan da ke da mutum ashirin, irin gidajenmu na gandu, kowa ya yi wa kansa lissafi.

Wasu za su ce jahilci ne ke hana mutane zuwa asibiti. Ban yarda jahilci ne kaɗai ba. A shekarar 2004 an wallafa wani bincike da likitoci suka yi a garin Karfi da ke jihar Kano, inda suka tambayi manya 250 ra'ayinsu kan taɓin hankali. Kimanin kashi 34 cikin ɗari suka ce shaye-shaye ke kawo shi, kashi 19 suka ce ikon Allah ne ko fushinsa, kashi 18 suka ce sammu ne ko aljanu. Da aka tambaye su inda ya kamata a nemi magani, kashi 46 suka ce asibiti, kashi 34 suka ce wajen masu addu'a. Ke nan tun wancan lokacin, kuma a ƙauye, waɗanda suka zaɓi asibiti sun fi yawa. Sai dai binciken ya kuma gano cewa kusan rabin mutanen suna jin tsoron masu ciwon ko suna gudunsu. Mutane da yawa sun san hanyar asibiti sarai. Abin da suke tsoro shi ne a gan su a kan hanyar.

Kuma in muka bi tsoron nan zuwa tushensa, galibi a kan aure za mu tsaya. Kowa ya san yadda binciken aure yake tafiya. Dattawa biyu su shiga unguwa, su zauna a majalisar mai shayi ko ƙofar masallaci, su tambayi asalin gidan su yarinya. Ya isa mutum ɗaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Gidan mutunci ne, sai dai akwai wani yayanta da aka taɓa kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa." Shi ke nan, kayan sa rana ba za su zo ba, kuma ba wanda zai gaya wa iyayen dalili. Uban da ke da 'yan mata huɗu a gabansa ya san wannan. Saboda haka ranar da ɗansa ya fara surutai shi kaɗai, ya daina barci, yana cewa ana bibiyarsa, lissafin farko da zai zo wa uban shi ne na 'yan matan nan. Sai a kulle yaron a ɗakin baya, a kira shi rufin asiri.

Ba na zargin wannan uba da rashin tausayi. Mu da ke zaune a majalisar, mu muka sa shi ya zaɓa tsakanin lafiyar ɗansa da auren 'ya'yansa. Alhali maganar gado da ake fakewa da ita an zuzuta ta fiye da kima. Gaskiya ne wasu daga cikin cututtukan nan suna bin jini, kamar yadda suga da hawan jini suke bi. Amma ko a ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, kusan tara cikin goma na 'yan'uwan mai ciwon ba sa kamuwa. Wa ya taɓa jin an fasa aure don kakar yarinya tana da hawan jini?

Abin da ɓoyon yake ci shi ne lokaci, kuma a wannan ciwo lokaci yana da tsada. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar da mutum ya yi cikin ruɗewar hankali ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa yadda yake a da. Yaron da da an kai shi a watan farko zai koma makaranta, sai a kai shi bayan shekara uku, karatu ya lalace, abokai sun watse, an sayar da gona an kai wa masu magani kala-kala. Sannan in bai warke tas ba a ce, "Ai dama hauka ba ya warkewa." Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan faɗi. Hoton da muke da shi a ka na mai taɓin hankali shi ne wanda ke yawo a bola da tsumma, yara na binsa da jifa. Duk wanda bai kai nan ba, a wurinmu lafiyarsa ƙalau. To amma mafi yawan masu larurar ƙwaƙwalwa suna sanye da tufafinsu tsaf, suna zuwa kasuwa, suna sallah a sahu. Ciwon damuwa da na fargaba su ne suka fi yawa, kuma a wurinmu sau da yawa ta jiki suke fitowa. Mace ta ce kanta na zafi kamar an hura wuta, wani abu na yi mata yawo a jiki, gabanta na faɗuwa, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ɗanɗano. Ta je kemis a ba ta maganin maleriya. Bayan sati biyu a ce taifot ne. Daga nan a ce olsa. Ta sha ƙwayoyi iri-iri, ba wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta abin da ke cin ranta. In kuwa ta yi ƙarfin hali ta faɗa, amsar a shirye take: "Ki yi haƙuri, kowa da irin tasa." Namiji kuma ko wannan damar ba shi da ita, don tun yana yaro aka gaya masa namiji ba ya kuka.

Mu dubi mai jego. Fiye da mace ɗaya cikin goma tana shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, galibi a sati biyun farko: ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa magana ba kan gado, wani lokacin ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan larura ce ta gaggawa, daidai da zubar jini, kuma tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Amma a gidaje da yawa abin da za a fara cewa shi ne ta gamu da iska a banɗaki, ko kishiya ce ta yi mata sammu. A turara mata hayaƙi, a tsare ta a ɗaki har a yi arba'in, dangin miji na raɗa. Wata daga nan takardar saki ce za ta biyo baya.

A nan dole a taɓo maganar addini, kuma a taɓo ta da ladabi. Ba wanda ke cewa a bar addu'a. Musulmi ba ya rabuwa da ita, kuma mai ciwo yana samun natsuwa da ita. Abin da muke ƙi shi ne a mai da addu'a dalilin hana magani, ko a ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda zai ce ba shi da tawakkali. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, bai kuma ware ƙwaƙwalwa ba. Magabata sun fahimci haka: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Malamin kirki, in ya yi ruƙiyya ya ga ciwo na nan, shi da kansa yake cewa a tafi asibiti. Irin waɗannan malaman muna da su, kuma su ya kamata mu riƙa ji a kan mumbari.

Inda ɓoyo yake kai mutane mun gan shi da idonmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Cikin 'yan makonni aka gano irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Ba dukansu ne masu taɓin hankali ba, wasu shaye-shaye ya kai su, wasu an ce sun kangare. Amma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassan Najeriya, a gidajen masu maganin gargajiya, da coci-coci, da cibiyoyin Musulmi, har ma da wasu cibiyoyin gwamnati.

Wannan na ƙarshen ya kawo mu kan hukuma, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara da shekaru dokar da ƙasar nan ke aiki da ita ta zamanin Turawa ce, ta 1958, wadda babban abin da ta sa a gaba shi ne tsare mai ciwo. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin marar lafiya, ta kuma yi umarni a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafa wa aikin. Doka ta yi kyau a takarda. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma wasunsu na ta ficewa ƙasashen waje. Ga kuma tsohon tanadin dokar laifuka da ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin shekara guda. Mutumin da damuwa ta kai shi bakin halaka, Allah ya kuɓutar da shi, danginsa za su ji tsoron kai shi asibiti don kada maganar ta kai ga 'yan sanda. Ghana ta soke irin wannan tanadi a shekarar 2023.

Hanyar gyara kuwa ba sai an je Turai nemanta ba. Tun a shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: marar lafiya ya zauna a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya dawo cikin mutane da yamma, ana kuma tafiya tare da masu maganin gargajiya. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A shekarar 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wajen masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba marasa lafiyar da ke hannunsu. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Me zai hana a gwada shi da malamanmu a Kano da Katsina da Maiduguri?

Kada kuma mu manta da wanda ya samu sauƙi, domin shi ma ba mu ƙyale shi ba. Za ka ga mutum ya ɓare ƙwayoyinsa daga kwalinsu ya zuba a robar wani magani, don kada matarsa ko abokin aikinsa ya karanta sunan. Ranar ganin likita ya sa mai adaidaita sahu ya sauke shi nesa da ƙofar asibiti ya ƙarasa da ƙafa. In ya ɗaga murya a kan haƙƙinsa, kamar yadda kowa ke yi, a kalli juna a ce, "Abin ne ya motsa." Ana gab da aurensa ya daina shan maganin gaba ɗaya don kada amarya ta gani, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo. Wasu kuma suna bari ne don tsofaffin magungunan kan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, ko yawu ya riƙa zuba, mutane na kallo. Wannan abu ne da likita zai iya gyarawa, ya rage ko ya sauya magani, in dai an koma an gaya masa. Yanke magani kai tsaye shi ne haɗarin.

Saboda haka, mai sauraro, in akwai wani a gidanka da ya shafe sati biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya janye daga mutane, ko yana jin abin da ba a ji, ko ya fara cewa mutuwa ta fiye masa, ka kai shi babban asibitin da ya fi kusa da kai yau, ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake gani. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen ƙwaƙwalwa. Kwamishinonin lafiya na jihohinmu kuma, abin da muke nema a wurinku shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko su gane ciwon damuwa da ruɗewar hankali, a ajiye magungunan a nan, yadda mace za ta zauna a layi ɗaya da mai awon ciki da mai tari, ba wanda ya san abin da ya kawo ta sai ita da ma'aikacin da ya duba ta.