Yadda Ake Haɗa Wa Tsuntsaye Gidan Katako a Lambu

Assalamu alaikum, masu kallo. A wannan shiri za mu haɗa gidan tsuntsu na katako, irin wanda ake ratayawa a jikin bishiya ko a bangon lambu, kuma za mu yi aikin ne bisa la'akari da yanayin Kaduna. Yawancin zane-zanen da ake gani a intanet an tsara su ne domin ƙasashen da sanyi ya fi damu, alhali mu a nan abin da ke halaka 'ya'yan tsuntsu a cikin akwati shi ne zafi, sai ruwan damina, sai kuma gara da ke cinye katakon kansa.

Ba kowane tsuntsu ne zai shiga wannan gida ba, kuma gara a san haka tun kafin a ɗauki zarto. Kurciya tana jera 'yan itatuwanta ne a sarari a kan reshe, tsuntsayen da ke saƙa sheƙa kuwa ba su da bukatar taimakon kafinta. Waɗanda muke yi wa aiki su ne masu neman rami ko kogo, irin su gwara da tsiriya da cilakowa. A da suna samun wuri a kogunan tsofaffin bishiyoyi kamar kuka da ɗorawa da maɗaci, ko a tsakanin azara a gidajen ƙasa, amma saran itace domin girki da gawayi ya rage manyan bishiyoyi, ginin bulo da silin kuma ya toshe kafofin da suka saba shiga. Akwatin da za mu haɗa madadin kogon bishiya ne, saboda haka dole ya kasance mai duhu, mai sanyi, mai zurfi. Ma'aunin da za mu bayar a yau na ƙananan tsuntsaye ne kamar gwara; cilakowa, wadda macen take liƙe ƙofar kogonta ta zauna a ciki namiji yana miƙo mata abinci ta 'yar tsaga, tana bukatar akwati mafi girma sosai.

Mu fara da katako. Idan kun shiga Panteka, ku nemi katako mai faɗin santimita 15, mai tsawon mita ɗaya da rabi, wanda kaurinsa ya kai santimita 2, kuma sau da yawa ragowar yankan da kafintoci suka ajiye ta isa. Kaurin nan ba ado ba ne, shi ne yake hana zafin rana ratsawa ciki. Maɗaci yana jure ruwa da gara fiye da farin katako mai laushi. Ku guji siraran fale-falen da ake mannawa da gam, domin suna kumbura su ɓare tun a damina ta farko. Haka nan ku guji katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, ko da yake mun saba yin haka a rufin gidajenmu, saboda 'ya'yan tsuntsu suna fitowa ne tsirara ba gashi, kuma idan rana ta buga, tururin maganin a cikin akwatin yake taruwa.

Kamar yadda kuke gani, muna yanka bayan akwatin santimita 40, domin a sami rarar da za a ɗaure shi sama da ƙasa. Gaban santimita 22 ne. Gefuna biyu ana yanka su a karkace, santimita 26 ta baya da 22 ta gaba, don rufin ya gangaro ruwa ya zube. Ƙasan akwatin santimita 15 ne da 11, kuma muna huda shi wuri huɗu, ko mu ɗan datse kusurwoyinsa, yadda duk ruwan da ya shiga zai tsiyaye.

Ƙofa ita ce wurin da ya fi bukatar natsuwa. Faɗinta ya zama tsakanin milimita 32 da 35, kuma ta yi nisan aƙalla santimita 12 daga ƙasan akwatin, domin kyanwar da ta zura hannu ta kasa kaiwa ga sheƙar, 'ya'yan kuma kada su faɗo kafin fukafukansu su yi ƙwari. Idan ƙofar ta yi faɗi da yawa, kun buɗe wa manyan tsuntsaye da ɓeraye hanya. Kada ku kafa ɗan sanda a bakin ƙofa, duk da cewa ana yawan ganin sa a hotuna. Gwara ba ta bukatarsa, hankaka ne zai ji daɗin tsayawa a kai. Cikin gaban kuma a bar shi da kaushinsa, har ma a ja masa 'yan layuka da zarto, saboda da su 'ya'yan za su kama su hau ranar fita.

Rufin na katako ne, kuma ya zarce gaba da kimanin santimita 5 domin inuwa. Kada a yi shi da kwano ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa wuni a ɗakin kwano marar silin a watan Maris ya san abin da ake nufi. A ƙarƙashin rufin muna huda ƙananan kafofi biyu a kowane gefe don iska mai zafi ta fita, sannan mu haɗe rufin da bayan akwatin da yankin robar tsohuwar taya, wadda za ta ba da damar buɗewa kuma ta tare ruwa. A ɗaure shi ta gaba da waya yadda iska ba za ta ɗaga shi ba. Idan ana son fenti, a shafa mai haske a waje kawai.

Wurin ratayawa yana iya ɓata duk aikin da aka yi. A ɗaga akwatin mita 2 zuwa 4 daga ƙasa, a cikin inuwar mangwaro ko darbejiya, nesa da katanga ko reshen da kyanwa za ta iya dirowa daga kai, kuma inda idon manya yake kaiwa saboda yara masu danƙo. Ƙofar kada ta dubi yamma, inda ranar la'asar ke dukanta, kada kuma ta dubi gabas, domin daga can hadari yake tasowa da iska mai ƙarfi. Kudu ko arewa ya fi. A ɗaure da waya da aka zura cikin roba maimakon a buga wa bishiya ƙusa, a riƙa sassautawa yayin da take kauri. Lokacin rani ne ya fi dacewa a rataya, domin tsuntsaye su saba da shi kafin ruwa ya sauka, kuma ɗan kaskon ruwa marar zurfi a kusa yana jawo su, muddin ana canza ruwan kullum saboda sauro.

Ba a zuba abinci ko auduga a ciki, kuma idan an ga tsuntsu ya fara kai ciyawa, a daina buɗewa. Bayan 'ya'yan sun tashi an tabbatar babu kowa, sai a kwashe tsohuwar sheƙar, a zuba tafasasshen ruwa a bar shi ya bushe, ba tare da fesa fiya-fiya ba. A riƙa duba jikin bishiyar ko gara ta fara gina hanyarta, a kankare. Idan kuwa ƙudan zuma ne suka riga tsuntsu shiga, wanda yana faruwa a ƙasarmu, kada a sa wuta ko magani, a hana yara zuwa wurin, a kira mai kiwon zuma ya ɗauke su da dare.