Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi, Daga Kwamitin Iyaye Da Malaman Firamarenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, mai girma Hakimi, Dagaci da masu unguwanni, limamanmu, hedimasta da malamai, iyaye maza da mata, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, lale marhabin. Kano ta san ka da aiki, ba sai mun yi maka kirari ba. Takowar da ka yi har cikin lungun nan ta ishe mu shaida.

Za mu fara da abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, kada lokaci ya ƙure. Ginin nan na bayanka mai aji huɗu, iskar farkon damina ce ta yaye masa kwano tun kafin zaɓen da ya wuce. An ba da kwangila, an sauke katako da yashi. Da mulki ya canja hannu, ɗan kwangila ya kwashe leburorinsa, ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba. Katakon, gara ta cinye. Roƙonmu a rufa mana ginin nan kafin ruwa ya sauka.

Ranka ya daɗe, Kanawa ba baƙin karatu ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Maghili ya sauka a garin nan. A Nasarawa Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909. Malam Aminu Kano ma da alli ya fara kafin siyasa. Da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, ya zo a 1976, iyayenmu ne suka ba da filin nan kyauta, suka bi gida-gida suna lallashin mutane a kawo yara, musamman mata. Yau yaran sun zo da kansu, wurin zama ne babu.

A 2019 aka ce ilimi kyauta ne kuma dole. A watan Yunin 2024 Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duka biyun mun yi murna da su. Sai dai tunda kyauta ne, hedimasta ba shi da ikon karɓar ko sisi daga iyaye, komai sai abin da ya zo daga sama. Mun kuma san cewa a dokar ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, ta 2004, Gwamnatin Tarayya ba ta sakin kuɗin gini sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa. Muna roƙo idan an tashi rabon, a tuna da mu.

Da ka zo ranar karatu, da ka ga malama ɗaya da yaran azuzuwa uku a ɗaki guda, na baya a zaune kan buhu, rajista a ƙunshe cikin leda saboda yoyo. Da hadari ya haɗo, sai a kaɗa ƙararrawa a sallame su. Yarinyar da aka mayar gida sau uku a mako, uwarta faranti za ta ɗora mata ta tafi talla, kuma da wuya ta dawo.

Duk ofishin da muka je, sai a ce aikin na gwamnatin da ta wuce ne. Mu kuwa ba mu taɓa tambayar launin hular uban yaro ba kafin mu rubuta sunansa. A kwamitin nan akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma kowa ya sa hannu a takardar nan.

Muna da buƙatar katanga, da ban-ɗakin 'yan mata, da malamin lissafi, duk suna cikin takarda. Amma rufin, ranka ya daɗe, rufin. Kafintocin unguwa sun yi alkawarin aiki ba lada, a ba mu kwano da katako da ƙusa kawai.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Kafin ka shiga mota, muna roƙo ka tako ka leƙa ajin da idonka.