Kaset Yana Fita Tas a Talabijin, Amma Kwamfuta Ta Ƙi Ɗauka: Ga Inda Matsalar Take

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga nan Ingila nake gaishe ku, musamman masu shagon bidiyo na Birnin Kebbi, Argungu da Jega da ke juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ga na'urar bidiyo a kan tebur, ga 'yar na'urar ɗauka ta USB mai shigar da hoton cikin kwamfuta, ga waya mai kai uku: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti.

Ku dubi allon kwamfutar nan da kyau. Hoton ya yi haske, ya dushe kamar magariba ta yi, ya sake haskakawa, saman sa yana karkacewa. Yanzu na zare wayar na kai ta talabijin kai tsaye. Kun gani? Tas. Wannan shi ne gwajin farko, kuma kada kowa ya kashe ko naira ɗaya kafin ya yi shi.

Abin da kuka gani sunansa Macrovision, kariyar da kamfanonin fim suka fara sa wa kaset a Amurka tun 1985. Hoton PAL, wato tsarin talabijin da kaset da muke amfani da shi a Najeriya, layi 625 ne, amma 576 kaɗai ido ke gani. Sauran suna ɓoye a wani baƙin fili tsakanin hoto da hoto, kuma a can aka dasa siginar ƙarya mai tsananin haske. Na'urar da ke naɗa tana da wani sashe mai daidaita ƙarfin hoto da kansa. Da ya ci karo da siginar nan sai ya ɗauka hoton ya yi ƙarfi da yawa, ya rage shi, fim ya duhunce. Siginar ta sauka, hasken ya dawo. Talabijin ba ta damu da ita ba, shi ya sa take nunawa lafiya. Wasu na'urorin ɗauka ma ba sa tsayawa wasa da haske, rubutu kawai za su fito da shi cewa an hana kwafi, su daina aiki.

To ga inda nake son ku buɗe kunne. Kaset ɗin biki, na suna, na wa'azi, ko wanda wani ya ɗauka da kyamararsa a bikin kamun kifi na Argungu, babu Macrovision a cikinsa. Kyamarar gida ba ta sa shi. In kwamfuta ta ce irin wannan kaset yana da kariya, ruɗewa ta yi. Zaren kaset ɗin ya tsufa, ya sha zafi da ƙurar hunturu shekara ashirin ko talatin, siginar da ke riƙe layuka ta raunana, sai na'ura mai araha ta karanta wannan rawar a matsayin kariya. Abin yana damuna, don mutane kan jefar da kaset ɗin auren iyayensu saboda wannan kuskure.

Kuma ɗan haƙorin nan da ake ɓallewa a gefen kaset, ga shi, ba shi da alaƙa da kwafi. Aikinsa hana a naɗi wani abu a kan kaset ɗin. Ku ɓalle shi ma kafin ku fara, don kada hannu ya taɓa maɓallin naɗa.

Kafin ku zargi kariya, ku duba hed, wato ɗan abin da ke karanta zaren kaset, wanda ke jikin wata ganga mai juyawa a cikin na'urar bidiyo. A goge shi da takarda mai laushi da aka jiƙa da sinadarin isopropyl, ana juya gangar a hankali da yatsa. Ban da auduga, tana maƙalewa ta karya hed. Kaset mai farin funfuna kuwa kada ya shiga na'ura sai an tsabtace shi, don zai shafa wa duk wanda ya biyo baya.

In hoto ya fito ba launi, wannan ma ba kariya ba ce, bambancin tsari ne. Kaset daga Amurka NTSC ne, layi 525. Mutanen Kamba da Dole Kaina, ku da kaset ke shigo muku daga Nijar, ku tuna can SECAM aka yi amfani da shi, kuma na'urar PAL zalla baƙi da fari za ta nuna shi. Sai an sami na'ura mai karanta tsari da yawa. In kuma wani faffaɗan layi ne ke hawa allo a hankali, wuta ce: zare cajar kwamfutar ka gani, musamman in janareta ake.

Maganin siginar da ta raunana shi ne na'urar da ake kira TBC. Tana shiga tsakanin bidiyo da na'urar ɗauka, ta karɓi hoton, ta sake gina masa sigina mai tsabta. Tana da tsada, ba na ɓoye muku. Mai sauƙin kuɗi shi ne tsohuwar Panasonic DMR-ES10 ko ES15 ta naɗar DVD: hoto ya shiga ta baya ya fita, ba tare da an naɗi komai ba, tana miƙar da layukan da suka karkace. Amma ita ba ta cire Macrovision na gaske.

A kwamfuta, ku zaɓi PAL, girma 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. In bidiyon yana da ramin S-Video mai fil huɗu, ya fi wayar rawaya fitar da launi. Ku tanadi wuri: tsarin adana bidiyo na DV yana cin kusan gigabait 13 a awa, wato kaset E-180 cikakke, mai awa uku, ya kusa gigabait 40.

Fim ɗin kamfani da aka sa wa kariya kuwa haƙƙin mai shi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana karya irin wannan kariya. In an kawo muku shi shago don a juye a sayar, ku mayar wa mai shi. Bari in sa kaset na gaba, wannan karon ta cikin ES10, ku dubi saman hoton.