Oktoban 2019 a Arewacin Siriya: Wa Ya Fita, Wa Ya Shiga Gidan Wa

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau tare da ni akwai Malam Isa da kuma Nura, kuma za mu koma watan Oktoban 2019, lokacin da Amurka ta janye sojojinta daga kan iyakar Siriya da Turkiyya. Malam, ku fara ba mu labarin yadda abin ya faru.

Malam Isa: To, Zainab, ranar 6 ga watan Oktoba Shugaba Donald Trump ya yi magana da Shugaba Recep Tayyip Erdogan ta wayar tarho, a daren kuma fadar White House ta sanar cewa Turkiyya za ta shiga arewacin Siriya, sojojin Amurka kuwa ba za su kasance a wurin ba. Waɗanda aka fara kwashewa daga bakin iyakar ba su da yawa, kimanin 50 ne, amma kasancewarsu a can ita ce take hana Turkiyya motsi, domin ba za ta yi luguden wuta a inda sojan ƙawarta ta NATO yake kwana ba. Ranar 9 ga wata jiragen yaƙi suka fara ruwan bama-bamai a kan garuruwan Ras al-Ain da Tal Abyad da ke bakin iyakar, mako guda bayan maganar wayar kuma aka ce sauran sojojin Amurka kimanin 1,000 ma za su bar arewacin ƙasar.

Zainab: Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya gabaci wannan. A watan Agusta na shekarar Amurka da Turkiyya sun yi wata yarjejeniya ta tsaron iyaka, saboda ita kuma dakarun SDF, ƙawayen Amurka a arewacin Siriya waɗanda mayaƙan Kurdawa na YPG suke jagoranta, suka rushe ramuka da shingayen da suka gina da hannunsu, suka ja da manyan makamansu baya. Wato an sa mutum ya cire ƙyauren gidansa bisa alkawarin cewa akwai mai gadi, wata biyu bayan haka mai gadin ya naɗe tabarmarsa. Su ne kuma mutanen da suka tare ƙungiyar IS a Kobani daga 2014 zuwa farkon 2015, suka bi ta har Baghuz a watan Maris na 2019, kuma a ƙidayarsu sun rasa mayaƙa kusan 11,000.

Nura: Yaya Zainab, ban musa wannan ba, amma idan muka bar maganar a nan ba mu yi wa Turkiyya adalci ba. A lokacin, tun 1984 take yaƙi da PKK, ƙungiyar ƴan tawayen Kurdawan Turkiyya, rikicin da ya ci rayuka wajen 40,000, kuma alaƙar YPG da PKK ba ɓoyayya ba ce, hotunan Abdullah Ocalan, jagoran PKK, suna rataye a ofisoshin YPG a lokacin. Ƙasar da ta ga ana ba maƙiyinta makamai a bakin iyakarta dole hankalinta ya tashi. Ban da wannan, a lokacin Turkiyya tana ɗauke da ƴan gudun hijirar Siriya miliyan 3.6, fiye da kowace ƙasa a duniya, alhali ƙasashen Turai da suke yi mata wa'azi sun gwammace su biya ta Yuro biliyan 6 a yarjejeniyar 2016 don ta riƙe musu mutanen.

Malam Isa: Maganarka tana kan hanya, Nura, kuma duk wanda ya ciyar da baƙi miliyan uku da rabi ya cancanci a yaba masa. Sai dai a kan ƴan gudun hijirar nan ne nake ganin aka yi babban zalunci. A watan Satumba na 2019 Erdogan ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya riƙe da taswira, ya nuna wani zirin ƙasa mai zurfin kilomita 30, ya ce zai tsugunar da ƴan Siriya miliyan ɗaya zuwa biyu a cikinsa. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, su wane ne waɗannan mutane, kuma daga ina suka fito? Mafi yawansu Larabawa ne daga Halab da Idlib da makamantansu, ba ƴan wannan yanki ba. Mutumin Halab gidansa yake so ya koma, da unguwarsa, da kabarin iyayensa. Idan ka ɗauke shi ka ajiye a Ras al-Ain, a gidan da mai shi ya gudu jiya da mabuɗi a aljihu, ba ka mayar da kowa gida ba, ka ƙara yawan marasa gida ne.

Nura: Amma Malam, Tal Abyad ai mafi yawan mutanensa Larabawa ne, kuma ƙungiyar Amnesty ta zargi YPG a 2015 da rushe wasu ƙauyukan Larabawa.

Malam Isa: Haka ne, kuma ba zan wanke su daga wannan ba. Shi ya sa ba na son a ba da labarin kamar Kurdawa kaɗai abin ya shafa. Ras al-Ain gari ne na Kurdawa da Larabawa da Kiristoci Suryanawa da Ceceniyawa, bam kuwa bai tambayi ƙabilar kowa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce cikin makonni biyu mutum kusan 180,000 sun bar gidajensu. Amma dalilin da ya sa Kurdawa suka fi firgita yana cikin tarihinsu. A 1962 gwamnatin Siriya ta yi ƙidaya ta kwana ɗaya a lardin Hasaka, ta cire Kurdawa kimanin 120,000 daga ƴan ƙasa, suka wayi gari baƙi a garin da aka binne cibiyarsu. A shekarun 1970 kuma aka ƙwace gonakinsu a kan wannan iyaka aka tsugunar da Larabawa. Ga kuma Afrin, wanda Turkiyya ta kama a 2018, inda mutanen garin suka gudu wasu suka shiga gidajensu da gonakinsu na zaitun. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, balle a ce macijin ne da kansa ya dawo.

Zainab: Akwai hotuna biyu na wannan wata da ban manta ba. Na farko a Ƙamishli ne, motocin sojan Amurka masu sulke suna wucewa zuwa Iraƙi, mutanen gari suna jifansu da dankali, suna yi musu ihu. Ba duwatsu ba, dankali, abin da ke hannun mai cefane. Na biyu kuma motar Hevrin Khalaf ce, ƴar siyasa Bakurdiya mai shekara 34, wadda mayaƙan da Turkiyya take mara wa baya suka tare a kan babbar hanyar M4 ranar 12 ga wata, suka fito da ita suka kashe ta. Na daɗe ina tunanin mahaifiyarta.

Nura: Ni kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da aka cike gurbin. Ranar 13 ga wata SDF ta nemi sojojin Bashar al-Assad, shugaban Siriya na lokacin, su zo, kwana biyu bayan haka Rashawa suna yawo cikin sansanin da Amurkawa suka bari a Manbij. Mataimakin shugaban Amurka Mike Pence ya je Ankara ranar 17 ya samo tsagaita wuta na sa'o'i 120, amma ainihin rabon an yi shi ne a birnin Sochi na Rasha ranar 22, tsakanin Erdogan da Vladimir Putin, ba tare da Bakurde ko ɗaya a teburin ba. Daga baya Trump ya bar wasu ɗaruruwan sojoji a gabas, ya ce don gadin rijiyoyin mai.

Malam Isa: Wannan ba shi ne karo na farko ba, ɗana. A 1975 Sarkin Iran da Saddam Hussein suka sasanta a Aljiyas, taimakon da Iran da Amurka suke ba Mustafa Barzani, jagoran ƴan tawayen Kurdawan Iraƙi, ya yanke dare ɗaya. A 1991 Shugaba Bush ya kira ƴan Iraƙi su tashi su kawar da Saddam, da Kurdawa suka tashi aka bar su, fiye da miliyan ɗaya suka hau duwatsu cikin sanyi. Su da kansu suna cewa ba su da aboki sai duwatsu. Jama'ar da ta haifi Salahuddin al-Ayyubi ce fa, ga ta a rarrabe tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya tun bayan yarjejeniyar Lausanne ta 1923.

Zainab: Malam, su waɗanda suka gudu a Oktoban, ina suka nufa?

Malam Isa: Dubbai sun tsallaka Iraƙi da dare ta hannun masu fasa-ƙwauri, aka kai su sansanin Bardarash, wanda dā mutanen Mosul ne suka zauna a ciki kafin a rufe shi, aka sake buɗe shi dominsu. Mafi yawa kuwa Hasaka suka nufa, suka cika azuzuwan makarantu, iyali da iyali labule ne kawai ya raba su, daga baya aka kafa musu sansanin Washokani a wajen gari. A can ma yaƙin bai ƙyale su ba, domin tashar ruwa ta Alouk, wadda a lokacin take shayar da mutum kusan rabin miliyan a yankin Hasaka, tana kusa da Ras al-Ain, ta faɗa ɓangaren da Turkiyya ta kama, aka riƙa tsayar da ita sau da dama. Matar da ta bar rijiya a tsakar gidanta sai ga ta da jarka tana bin layin tankar ruwa, tafiyar kilomita 80 kacal daga ƙofar ɗakinta.

Zainab: Malam Isa, Nura, mun gode. A shiri na gaba za mu duba sansanin al-Hol da matan da yaran da aka tsare a cikinsa. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.